'Yar hudar da muka raina

Da yawa a cikinku kun ji sanarwa a wurin sujada cewa Baba, mashawarcin zumuntar matasa, ya dawo gida bayan aikin zuciya, kun kuma taya mu murna. Abin da sanarwar ba ta faɗa ba shi ne saura ƙiris mu rasa shi, kuma ba ta wajen zuciyar hatsarin ya ɓullo ba. Mu shida ne muka yi karɓa-karɓar zaman jinyarsa. Kafin mu rubuta wannan mun nemi izininsa da na Mama. Suka ce mu faɗi komai, har da inda muka yi kuskure, domin gobe wani a cikinku ne zai zauna a gefen gadon mahaifinsa ko mahaifiyarsa.

Baba ya haura shekara 60, yana fama da hawan jini da ciwon sukari. Tun da damina ya fara jin nauyi a ƙirji duk sa'ad da ya hau tudun da ke kan hanyar gonarsa. In ya tsaya ya huta sai abin ya lafa. Ya ce olsa ce, ya yi ta shan maganin ciki har wata uku. Ranar da nauyin ya kama shi yana zaune a ƙofar gida, ko tsinke bai ɗaga ba, Mama ta ce ta gaji da jin zancen olsa. Daga asibitin garinmu aka tura shi wani babban asibiti a birni, tafiyar awa uku, inda suke da ɗakin duba jijiyoyin zuciya. Ikilisiya ta yi karo-karo, zumuntar mata ta kawo nata. Mu matasa da aljihunmu ba nauyi muka ce za mu ba da lokacinmu.

Likitan ya zana mana abin a bayan wata takarda. Ya ce zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar jini, tana kuma da nata ƙananan jijiyoyi da ke ciyar da ita. Ɗaya daga cikin na Baba ta ƙuntata saboda kitsen da ya taru a bangonta. Ba za a tsaga ƙirji ba. Za a huda babbar jijiyar jini da allura, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, sa'an nan a bi wayar da wani gajeren bututu da zai zauna a bakin jijiyar kamar kube. Ta cikin wannan kuben ake tura dogon bututu siriri da suke kira kateta har ya kai zuciya, ana kallon tafiyarsa a talabijin. In an ga wurin da ya toshe sai a hura ɗan balan-balan a buɗe shi, a bar wata 'yar ragar ƙarfe mai suna sitent ta tokare bangon.

Daga baya da muka zauna karatu a kan abin, mun ga dabarar ta daɗe. Hanyar nan ta allura da waya wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Seldinger ne ya bayyana ta a 1953. A 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, likita Andreas Gruentzig ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan. Shekaru masu yawa ta tushen cinya aka fi shiga, sai a 1989 likita Campeau a Kanada ya nuna ana iya bi ta jijiyar wuyan hannu. Yau likitoci da yawa sun fi son hannu domin zubar jini ta fi ƙaranci a can. Duk da haka akwai waɗanda dole a bi ta cinya, kamar mai jijiyar hannu ƙarama ko murɗaɗɗiya, ko wanda aikinsa ke son babban bututu. Na Baba an gwada hannu, jijiyar ta tsuke ta hana hanya, sai aka koma cinyar dama, daidai inda kaluluwa ke fitowa.

Aikin bai kai awa biyu ba, idon Baba biyu aka yi shi, allurar kashe zafi kawai aka yi masa a wurin. Da tsakar rana aka turo shi yana murmushi, yana ce mana ya ga zuciyarsa a talabijin. Nauyin ƙirjin ya tafi. Muka buga waya gida, muka yi godiya ga Allah. A ranmu an gama.

Wajen ƙarfe huɗu, bayan ƙarfin maganin tsinka jinin da aka yi masa lokacin aiki ya ragu, wata nas ta zo ta cire kuben. Muna kallo ta dasa yatsunta a tushen cinyar ta danna da ƙarfi, ta kai minti 20 ba ta ɗaga ba, har hannunta yana rawa. Da ta ɗaga sai muka ga wurin. Wata 'yar huda ce da ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ɗaya daga cikinmu ma ya yi dariya ya ce ashe wannan ce ƙofar da aka bi aka gyara zuciya. Nas ɗin ba ta yi dariya ba. Ta ce mana jijiyar da ke ƙarƙashin wannan huda ta kusa kaurin ƙaramin yatsa, ita ke kai jini ƙafa gaba ɗaya, kuma jinin cikinta da ƙarfin bugun zuciya yake tafiya. Abin da ya toshe hudar yanzu ɗan gudan jini ne sabo, mai laushi, ga shi Baba yana shan asfirin da kulofidogirel, magungunan da ke hana jini saurin daskarewa don kada sitent ɗin ya toshe. Ta ce a wasu asibitoci akwai ɗan toshi ko zare da ake rufe hudar da shi, amma ko da shi sai an kula.

Sa'an nan ta lissafa mana dokoki. Ya kwanta a miƙe awa shida. Kada ya tanƙwara ƙafar dama, kada ya tashi zaune, kada ya ɗaga kai sosai. In zai yi tari ko atishawa ya dafe wurin. Fitsari a kwalba zai yi, a kwance. In mun ga kumburi, ko filasta ta jiƙe, ko ya koka da ciwo a ko'ina, ko ƙafar ta yi sanyi, mu kira ta nan take. Muka ce to, Sista. Gaskiyar magana kunnuwanmu ne kawai suka ji.

Da ƙarfe biyar motar ikilisiya ta iso da Fasto da dattawa uku da waɗansu iyayenmu mata. Duk wanda ya san Baba ya san bai saba gaishe da baƙo a kwance ba, balle Fasto. Ya fara yunƙurin tashi. Mu da aka bar wa amana, maimakon mu hana shi, muka tallafe shi muka jera masa filo biyu a baya, ya janyo ƙafafunsa ya zauna. An yi gaishe-gaishe, an yi addu'a, an kai minti goma a haka. Nas ta shigo, ta gani, ranta ya ɓaci. Ta kwantar da shi, ta duba filastar ta ga a bushe take, ta yi mana faɗa a gaban baƙi. Da ta fita har gunaguni muka yi, muna cewa ta cika zafi.

Baƙi suka tafi. Mama ta fita ta ɗan watsa ruwa ta ci abinci, don tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba. Mu uku muka rage a ɗakin. Wajen ƙarfe bakwai da rabi Baba ya ce bayansa na ciwo, ta kwiɓin dama, yana sauka zuwa mara.

"Baba, kwanciyar ce ta yi yawa," muka ce masa. "Saura awa biyu da rabi ka juya yadda kake so."

Muka ɗan matsa masa bayan. Muka ɗaga zane muka duba filastar, fara tas, ba ɗigon jini, ba kumburi. Hankalinmu ya kwanta. Can sai ya fara hamma a jere, ya ce ƙishirwa yake ji. Gumi ya feso masa a goshi alhali fanka na juyawa. Ya kasa natsuwa, yana ta juya kai. Ɗayanmu ta ce ko mu kira Sista. Muka leƙa muka ga tana kan wani mara lafiya. Muka tuna faɗan ɗazu, kunya ta kama mu, muka ce bari mu ɗan ƙara gani, kada mu je mu ce mata ciwon baya kawai. Mun ƙirga daga baya, minti 40 muka yi muna wannan ganin.

Mama ta dawo. Ko ledar hannunta ba ta ajiye ba ta kama hannunsa, ta dubi leɓunansa.

"Tun yaushe yake haka?"

"Bai daɗe ba, Mama, bayansa ne..."

"Hannunsa kamar ruwan randa. Ku kira mini Sista yanzu, da gudu."

Nas ta zo ta auna jininsa. Mutumin da ake fama da shi kan hawan jini, nasa ya faɗo 80 bisa 50, jijiyarsa tana bugawa da sauri amma ba ƙarfi. Ba ta tsaya yi mana magana ba. Ta kira likita, ta sake danna tushen cinyar, wata ta zo ta sa masa allurar ƙarin ruwa ta biyu a ɗaya hannun, aka buɗe ruwan yana zuba, aka ɗebi jini aka kai gwaji. Cikin ɗan lokaci aka tura shi ɗakin hoton siti sikan.

Da likitan ya fito ya kira Mama da mu. Ya ce jini Baba yake zubarwa, amma ta ciki. Ya sake ɗaukar biro. Ya ce gaɓar jijiyar da ake so allura ta shiga gajera ce, kamar santimita 4, tana kwance a kan ƙashin cinya inda ya haɗu da kwankwaso. Amfanin wurin shi ne in an danna daga sama akwai ƙashi a ƙasa, jijiyar ta matsu a tsakani, jini ya tsaya. In hudar ta ɗan yi sama, ta wuce iyakar da ta raba cinya da mara, babu ƙashin da za a matse ta a kai. Jinin kuma ba zai fito ta fata ba, zai gangara ta bayan hanji, wajen ƙoda. Wannan wuri yana iya shanye jini lita biyu ko fiye ba a ga komai a waje ba, alhali duk jinin babban mutum kusan lita 5 ne. Shi ya sa filastar da muka yi ta dubawa ta zauna fara. Alamun su ne waɗanda muka gani muka ba su wani suna: ciwon baya ko kwiɓi ko mara, gumi, hamma, ƙishirwa, sanyin hannu, da rashin natsuwa.

Ya ce abin ba ya samun mutane da yawa, amma yakan faru ko a hannun gwani. Yawanci yana tsayawa da kansa in an ƙara ruwa da jini, an dakatar da allurar tsinka jini, in ma da sauranta a jiki akwai maganin da ke karya ƙarfinta. Za su fara da haka su gani.

Aka sa masa jini leda biyu. Awon ya ɗan hau, ya sake faɗuwa. Wajen ƙarfe goma aka mayar da shi ɗakin da aka yi aikin safe. A wannan karon ta cinyar hagu suka shiga, suka zagaya da bututun ta cikin ciki inda babbar jijiya ta rabu biyu, suka sauko ɓangaren dama. Suka zuba ruwan da ke nuna jijiya a hoto, suka ga inda yake yoyo. Sai suka hura balan-balan daidai wurin, ya danne hudar daga ciki na waɗansu mintoci. Da aka sace iskar, yoyon ya tsaya. Likitan ya ce da bai tsaya ba, da sun sa sitent mai rufi kamar faci, ko su kira masu tiyata su ɗinke jijiyar.

Sa'ad da ake wannan, ma'ajiyar jinin asibitin ta ce mu kawo masu mayar da abin da aka ɗiba, don ana iya buƙatar ƙari kafin safe. Muka kira sauran ukun da ke masauki, muka kira matasan wata ikilisiya da ke nan birnin. Sun zo cikin dare, waɗansu ba su taɓa ganin Baba ba. A cikin mu shida, huɗu aka karɓa. An mayar da ɗaya don nauyinta bai kai kilo 50 ba, ɗaya kuma jininsa bai isa ba. Kowa aka ɗebi leda ɗaya, wajen mililita 450. Akwai wanda a cikinmu tun yana yaro yake gudun allura, ranar shi ya fara miƙa hannu. A barandar nan muka yi addu'a, ba waƙa, ba tsari. Waɗansunmu kalma biyu kawai suke ta maimaitawa, waɗansu kuka ya hana su.

Da gari ya waye Baba ya buɗe ido, launinsa ya fara dawowa. Muka sami likitan a waje muka tambaye shi abin da ya hana mu barci, ko tashin da muka taya Baba ya yi ne ya jawo wannan. Bai ɓoye mana ba, bai kuma ɗora mana duka ba. Ya ce abubuwa ne suka haɗu: inda hudar take, magungunan tsinka jini, hawan jininsa, kuma tashi zaune bai taimaka ba. Amma ya ce abin da ya fi damunsa shi ne mintocin da suka wuce tsakanin fara ciwon da kiran nas, domin a irin wannan zubar jini lokaci shi ne maganin farko.

Muka shiga muka durƙusa a gefen gadon muka gaya wa Baba da Mama duka, har da gunagunin da muka yi.

"'Ya'yana, ni na tashi zaune, da hankalina," in ji Baba. "Na ji kunyar Fasto, ku kuka ji kunyar Sista. Kunya biyu ta kusa kai ni kabari. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Amma ku je ku ba yarinyar nan haƙuri."

Muka je. Ta ce ba komai, ta kuma ce tun da yanzu kunnuwanmu sun buɗe, mu zo ta koya mana sauran. Ta nuna mana inda ake jin bugun jijiya a bayan ƙafa da gefen idon sawu, ta sa alama da biro a ƙafafun Baba biyu. Ta ce wani lokaci matsalar ba zuba ba ce, toshewa ce. Gudan jini ko ɓangaren bangon jijiya yakan tare hanya, ƙafa ta rasa jini. Alamarsa ciwo mai tsanani, ƙafar ta yi sanyi, ta koɗe, ta mutu, bugun ya ɓace. Hanya mafi sauƙi ita ce a taɓa ƙafafun biyu a kwatanta. In haka ta faru, awoyi kaɗan ake da su, wajen shida, kafin nama ya fara lalacewa. Ta kuma ce in jini ya ɓalle ta waje, a kwantar da mutum a miƙe, a danna da ƙarfi kamar faɗin yatsa biyu sama da hudar, ta wajen ciki, domin hudar jijiya tana sama da ta fata. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, a danne a aika a kira taimako.

Bayan kwana biyar aka sallame mu. An ce mako guda kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ya yi yunƙuri, kada ya jiƙa wurin cikin ruwa. A takarda abin da sauƙi, a gida kuwa sai da muka zauna muka yi tunani. Jarkar ruwa mai lita 25 da ya saba saukewa daga baro ta zama haramun. Hawa mashin a hanyarmu mai gargada ma haka. Bayan gidansu na tsuguno ne, sai wani ɗan'uwa kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kai. An gargaɗe mu cewa fatar cinya za ta yi baƙi-baƙi, tabon ya bazu ƙasa yana sauya launi, wannan ba abin tsoro ba ne muddin wurin da laushi kuma ba ya ƙaruwa. An kuma ja mana kunne cewa ko mene ne ya faru, kada ya daina asfirin da kulofidogirel da kansa don tsoron zubar jini, domin sitent ɗin na iya toshewa farat ɗaya. Likita ne kaɗai zai taɓa wannan.

A rana ta tara bayan aikin, biyu daga cikinmu suka je gaishe shi da yamma. Suka tarar da tukunyar ruwa a wuta. Wani kumburi ya fito masa a tushen cinyar hagu, inda aka shiga karo na biyu, girman lemun tsami, yana masa zogi. Wata maƙwabciya mai son alheri ta ce maruru ne bai nuna ba, a gasa shi da ruwan zafi, in ya ƙi fashewa a kira wanzami ya yi masa sakiya. Ba mu ga laifinta ba, haka aka saba yi wa kumburi a wurin. Ɗan'uwanmu ya nemi izinin Baba ya ɗora tafin hannunsa a kai. Kumburin yana bugawa a ƙarƙashin hannunsa, daidai da bugun zuciya.

"Mama, a sauke ruwan nan. Kada kowa ya taɓa wurin. Maruru ba ya bugawa."

A wannan karon ba mu tsaya gani ba. Muka kira lambar da asibitin ya ba mu, suka ce mu kawo shi a kwance. Muka nemi mota muka shimfiɗa shi a kujerar baya, ɗaya yana kula da kumburin ko yana ƙaruwa, har muka isa.

Aka ɗora masa na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Muka ga abin da idonmu a allo. Hudar jijiyar ba ta rufe ba, jini yana fita ta wani ɗan siririn wuya, yana shiga wani aljihu da ya yi wa kansa a cikin nama, yana juyawa yana komawa. Ba ruwa ba ne a ciki, ba mugunya ba, jinin jijiya ne da ƙarfinsa. Likitan ya ce da an sa aska a wurin, jinin da zai yi tsartuwa ba wanda zai iya tsayar da shi a gida. Ruwan zafi da murzawa ma na iya fasa shi.

Ya ce ƙananan irinsa sukan rufe da kansu, a riƙa dubawa kawai. Inda ake da maganin, akan yi wa aljihun allurar wani sinadari mai suna turombin, ana kallo a sikanin, jinin ciki ya daskare nan take. In ya yi girma sosai, ko yana ƙaruwa da sauri, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko ya danne jijiyar motsin ƙafa, sai tiyata. Na Baba danna shi aka yi. Likitan ya dasa kan na'urar daidai kan wuyan nan ya matse, yana kallon allo don ya tabbata jini yana wucewa zuwa ƙafa, minti goma-goma yana hutawa yana dubawa. Akwai zafi, Baba ya riƙe hannun Mama har ya bar mata shaida. Ranar farko bai kama ba saboda magungunan da yake sha. Washegari aka sake, aljihun ya daskare, bugun ya tsaya. Kafin mu tafi likitan ya ƙara mana abu biyu da za mu sa wa ido. Wani lokaci allura takan ratsa jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi, su haɗe, ƙafa ta kumbura, a ji wurin yana kaɗawa kamar ƙugin inji. Sa'an nan in wurin ya yi ja, ya yi zafi, yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a dawo da shi ba jira.

Iyayenmu suna cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Dukanmu zuciya muka sa wa ido, addu'armu a kanta take, kuɗin da aka tara dominta ne. Ba wanda ya yi tunanin 'yar hudar da ke ƙarƙashin filasta. Mun kuma gane cewa mun daɗe muna ɗaukar zaman jinya a matsayin gaisuwa da kai abinci da rera waƙa. Waɗannan duka suna da kyau, ba za mu bari ba. Amma nas ɗaya tana iya kula da gadaje da yawa, wanda ke zaune a gefen gado shi ne zai fara ganin gumin goshi. In bai san abin da yake gani ba, ko ya sani kunya ta rufe masa baki, zamansa bai tsare kowa ba. Basamariyen nan da muke karanta labarinsa tun muna makarantar Lahadi, raunukan mutumin ya ɗaure, ya kai shi inda za a kula da shi, ya kwana a wurin.

Saboda haka a taronmu na ƙarshe muka tsayar da waɗansu abubuwa, muna kuma roƙon sauran zumuntoci su duba ko za su amfane su. Duk wanda zai karɓi zaman jinya, kafin ya zauna ya tambayi nas abu uku: ta ina aka shiga jikin mara lafiya, wace alama ce ta hatsari, wa zai kira in ya gan ta. Ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gani, ya miƙa wa mai karɓarsa. Baƙi su shiga bibbiyu, mai zaman jinya kuma yana da ikon ce wa kowa, ko Fasto ne ko dattijo, Baba ba zai tashi ba, a gaishe shi a kwance. Fasto da kansa ya ce a rubuta wannan da sunansa a ciki. In mara lafiya ya koka da sabon ciwo a kira nas nan take. In ta zo ta ga ba komai, an yi asarar minti biyu ne kawai. Mun kuma fara rubuta sunayen masu iya ba da jini da rukunin jininsu, don kada mu sake neman mutane da tsakar dare.

Baba ya ce lallai mu ƙara wannan: kada labarinsa ya sa wani ya gudu daga aikin. Yawancin waɗanda ake yi wa suna tashi washegari su koma gida ba abin da ya same su. Shi kansa ya ce da za a mayar da shi baya, zai sake yarda a yi, sai dai ba zai tashi zaune ba ko wane ne ya shigo. Duk mai jin nauyi a ƙirji in ya yi tafiya ko ya hau tudu, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, ya je a duba shi, ya bar kiran abin olsa.

Makon jiya mun raka shi gona. Ya hau tudun nan bai tsaya ba, sai da ya kai sama ya juyo yana jiranmu. Muna gode wa Allah da ya bar mana shi, muna gode masa domin likitocin nan da nas ɗin da ta yi mana faɗa, da matasan da suka ba da jininsu ga wanda ba su sani ba. Ku ci gaba da sa shi da Mama cikin addu'a, zai koma ganin likita ƙarshen wata. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu zaman jinya ido da ƙarfin halin yin magana. Amin.